Ajiya a Ƙarƙashin Harshe

Talata, 3 ga Satumba, bayan La'asar

Ta iso! Yau na riƙe ta da hannuna, ni Maijidda, nas ɗin da ko abin awon zafin jiki mai kyau ba ta taɓa mallaka ba. Dakta Zarami ne ya zo da ita daga Kano a cikin jaka, ya naɗe ta da tawul kamar jaririya. Girmanta bai wuce waya ba, sai wani siririn baki mai kama da asawaki, wanda ake sa wa sabuwar hula ga kowane mara lafiya. A ɗora bakin a ƙarƙashin harshe, mutum ya rufe baki, kafin ka gama Fatiha da Ƙulhuwallahu lamba ta fito.

Bari in rubuta yadda na gane bayanin, don kada ya zube mini. Naman jiki kullum yana fitar da iskar kabon, jini ne yake zuwa ya kwashe ta kamar yadda kwalekwale yake kwashe mutane a bakin gulbi. In ruwan jiki ya ƙare, jini ya rage zagayawa, sai jiki ya yi wayo: ya janye jinin daga hanji da harshe ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. To, kwalekwale ya daina zuwa, fasinja sun taru. Wannan taruwar ce na'urar take aunawa. Ƙasa da hamsin lafiya lau. Sama da saba'in, a yi gudu. Abin da ya fi burge ni shi ne, harshe yana riga awon damtse faɗin gaskiya. Mutum yana zaune yana hira, awon jininsa daidai, amma ƙarƙashin harshensa ya riga ya fara kuka.

Gwaji ake yi, guda ɗaya tak aka ba mu a duk yankin Haɗejiya, kuma Dakta ya ce ni zan riƙe ta. Ni! Na fita bayan aji na yi rawa ni kaɗai, wata akuya tana kallona.

Asibitinmu dai ajin 'yan aji uku ne a makarantar firamare, tun da jinga ta ɓalle ruwa ya kwaso mutanen fadama ya zube mana su a nan. Inna ba ta cikinsu. Tana can Tudun Kaba, ta ce ba inda za ta ta bar shinkafarta, shinkafar da yanzu sai mai nutso ne zai gan ta.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Na auna kaina, arba'in da bakwai. Na auna Dakta, arba'in da tara. Na auna mai gadi, na auna mai dafa mana abinci, sai da Dakta ya ce, "Sista, hulunan nan fa ba a Kasuwar Kuka ake sayar da su ba."

An ma raɗa mata suna. Wani tsoho na nufa da ita, ya ja da baya ya ce, "Yarinya, ni doki ne da za ki sa mini linzami?" Aji ya kwashe da dariya. Shi ke nan, kafin Azahar har yara suna bina suna cewa ga mai linzami.

Dokar Dakta biyu ce. A tambayi mutum ko ya ci ko ya sha wani abu yanzu-yanzu. A duba ƙarƙashin harshe kafin a saka.

Na buga wa ƙanena Haladu waya na ce masa ko da ɗauka ne ya ɗauko Inna. Ya ce, "Yaya, ke ki zo ki ɗauke ta mana." Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Alhamdu lillahi, Inna ta zo! Ruwa ya kai gindin rumbu sannan ta yarda. Haladu ya sako ta a kwalekwale, suka ratso ta cikin ciyawar kacalla rabin yini, ita da tabarmarta da kaji biyu da ƙwaryar da ba ta yarda kowa ya taɓa.

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa bangon aji. Haka muke. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. Tun da aka yaye ni kakata Ya Kolo ta ɗauke ni, har Allah ya yi mata rasuwa. In Inna tana son in miƙo ruwa, sai ta ce wa iska, "Da dai akwai mai jin magana a kusa." Ni kuma in tashi. Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na gani. To, wani lokaci ina ɗan ji.

Wata mata da suka haɗa tabarma ta nuna ni ta ce, "Asabe, wannan mai farin kayan ba taki ba ce?"

Inna ta ce, "'Yar Kolo ce."

Na nuna wa Haladu linzami da ƙarfi, yadda za ta ji. Ta juya tana gyara ƙafar kaza.

Lahadi, 8 ga Satumba, da yamma

Ciwon da muke tsoro ya shigo sansani. Ba zan rubuta sunansa ba. Mutum uku tun safe suke amai da gudawa, duk daga layin da ke kusa da rijiya.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan Magariba

Kai, yau na ga abu!

An kawo wata Bintu, matar aure ce ƙarama daga wajen Miga. Da ƙafarta ta shigo, har tana tsokanar mijinta. Awon damtse lafiya ƙalau. Da a da ne, sai in haɗa mata ruwan gishiri da sukari in ce ta zauna a gindin darbejiya. Na sa mata linzami don dai in ƙara sabawa. Saba'in da shida. Na ɗauka idona ne, na sake da sabuwar hula. Saba'in da bakwai.

Dakta ya ce, "Kwantar da ita, sa mata ruwa yanzu."

Mijin ya ce, "Likita, ai da sauƙi, har magana take."

Muka sa. Wallahi ko rabin leda bai shiga ba ta zube, idanu suka koma ciki, jijiyar hannu ta ɓace ɓat. Da sai a lokacin za mu fara neman jijiya, da wani labarin nake rubutawa. Amma allura tana ciki, ruwa yana tafiya. Kafin La'asar ta buɗe ido ta tambayi ina ɗankwalinta.

Na so in rungume na'urar nan. Ledojin ƙarin ruwa ba su da yawa, hanyar Malam Madori ta yanke, gadajenmu shida ne. Dakta ya ce daga yau linzami ne zai raba gardama: wanda lambarsa ta hau, gado da leda. Wanda ta yi ƙasa, gindin darbejiya da kofi. Ba sauran "ɗan wane ne", ba sauran wanda ya fi iya kuka. Linzami ba ya ƙarya.

Laraba, 11 ga Satumba, da hantsi

Na gano wani abu, kuma ni na gano shi, ba Dakta ba. Tsofaffin fadama lambarsu ba ta hawa! Samari majiya ƙarfi sai ka ga sittin, saba'in. Tsohuwa tukuf da ciwon ya kayar, sai arba'in da huɗu, arba'in da biyar. Ba dukansu ba, amma da yawa. Na ce wa Dakta kifi ne da fura da noman shekara sittin, jininsu ba irin namu ba ne. Ya ce, "Mhm." Ya ce in ci gaba da lura. Ni dai har na hango sunana a jikin takarda, ana karantawa a taron likitoci a Kano. Maijidda Adam Haɗejiya. Na gwada faɗinsa da muryar mai gabatarwa ina wanke bokiti.

Suna da sauƙin aunawa ma. Na tambaye su ko sun ci ko sun sha, su ce a'a. Dubawar ce dai nake ɗan sassautawa. Tsoho sa'an kakanka, ka ce ya wage baki ya ɗaga harshe kana leƙawa kamar mai sayen rago? Nakan sunkuyar da kai in miƙa, su kama da leɓe. Lamba dai tana fitowa.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan Azahar

Na kama Inna tana leƙena ta taga. Da na ɗago, sai ta shiga kallon rufin kwano kamar ita ta buga shi.

Iya 'Yar'azumi, tsohuwar da ke kwana kusa da ita, ta ce, "Hajiya Asabe, ko da 'yar tabar gari a kusa? Bakina ya yi salam."

Haladu ya riga Inna amsawa. "Iya, Innarmu ta bar wannan tun da ta dawo daga Makka. A gaban jama'a ta jefa battarta a gulbi, ni na ga faɗuwarta." Yana faɗa yana buɗe ƙirji, kamar shi ya yi aikin Hajjin. Inna ta ce, "Haka ne," ta tofar da yawu a gefe.

Kullum ina kai mata ruwan da na tafasa da hannuna. Ina ajiyewa in ce wa bango, "Kada a sha na rijiya." Ni ma na iya.

Asabar, 14 ga Satumba, da safe

Iya 'Yar'azumi. Jiya da yamma arba'in da biyar. Na ba ta kofi, na ce ta zauna a inuwa.

An kai ta ɗazu.

Lahadi, 15 ga Satumba, da yamma

Dakta ya ce tsufa ma ciwo ne, zuciya ce wataƙila. Wataƙila. Mutum tara linzami ya tsamo mana a makon nan, tara, ina iya kiran sunayensu. Bintu ta koma wajen mijinta, ta aiko mini da soyayyen kifi.

Talata, 17 ga Satumba, bayan Magariba

Inna.

Tun La'asar take gudawa, in ji Haladu. Ta hana shi faɗa mini. Sau nawa? Bai sani ba, ta ce kada ya ƙirga mata.

Na je da linzami. Na tsuguna a gefenta na ce wa tabarma, "An ci wani abu ko an sha?" Ta girgiza kai. Na sa sabuwar hula, na miƙa mata na'urar a hannu, na juya fuskata wajen ƙofa. Ita ta saka da kanta. Da ta yi ƙara na karɓa.

Arba'in da biyar! Na kusa yin guɗa. Jinin fadama, ba na faɗa ba? Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari cike da jug, na ce wa Haladu ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ko tana so ko ba ta so.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Arba'in da huɗu.

Gado ɗaya ya samu da safe. Haladu ya biyo ni har ƙofar aji. "Yaya, ki dubi Inna fa. Ko zama ba ta iya yi."

Na ce, "Akwai yaron da yake saba'in da biyu."

"Uwarki ce."

"Shi ma yana da uwa, ga ta can." Na faɗa da ƙarfi, har na ji daɗin kaina. Na ba yaron gado.

Da na koma kai mata ruwa, na ɗan tsunkuli fatar bayan hannunta kamar da wasa. Fatar ta tsaya a tsaye, ba ta koma ba. Idonta ya faɗa. Muryarta ta dishe. Amma tsohuwa ce, fatar tsofaffi haka take. Linzami ba ya ƙarya.

Linzami ba ya ƙarya.

Laraba, bayan Azahar

Ina rubutu a tsaye, don in ban rubuta ba zan fashe. Na gano! Ba kifi ba ne, ba fura ba ce!

Baba Usaini, wani tsohon masunci, na auna shi arba'in da uku, alhali ko kansa ba ya iya riƙewa. Ina cire linzami amai ya taso masa. Na ba shi ruwa ya kurkure baki ya zubar a bokiti. Na ga ruwan ya fito ja-ja, da gari-gari a ciki. Wani abu ya ce mini sake aunawa. Saba'in da tara! Mutum ɗaya, baki ɗaya, tsakanin kurkura da kurkura!

Na ce, "Baba, ba na tambaye ka ko ka ci ko ka sha wani abu ba?"

Ya ce da 'yar muryarsa, "Ai ban ci ba, 'yar nan, ban sha ba. Ajiya ce."

"Wace ajiya?"

"Taba mana, da 'yar kanwa. A ƙarƙashin harshe take zama. Ita ke kwantar mini da tashin zuciya."

Muka ɗaga shi kan tebur muka sa masa ruwa, sannan na ja Dakta gefe ina haki. Ya dafe kai ya ce, "Kanwa! Maijidda, kanwa!" Yau ne ya fara kiran sunana ba Sista ba. Ya ce a zatonsa kanwar ce take shanye iskar kafin ta kai bakin na'urar, kamar yadda tsumma yake shanye ruwa, sai lamba ta fito da kyau alhali jiki yana ƙonewa. Ya ce waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa jin labarin tabar gari ba, mu ne za mu faɗa musu. Mu! Daga ajin 'yan aji uku! Ya ce maza in tuno duk tsofaffin da lambarsu ta yi ƙasa, a sake auna su yanzu. Na fara lissafowa, Baba Usaini, da mai gyaran komar kamun kifi, da matar nan ta Kafin Hausa, da Iya 'Yar'az

Amma Inna ta bari. A gaban jama'a ta jefa

Laraba, bayan Magariba

Na tarar da ita a kwance, Haladu yana mata fifita. Na ce masa ya je ya kira Dakta ya taho da leda biyu. Ya tsaya tambaya, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba. Ya ruga.

Ya rage ni da ita. Na durƙusa, ban kalli bango ba, ban kalli tabarma ba. Na kalli fuskarta. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Shekara talatin da ɗaya ban sani ba.

Na ce, "Inna, buɗe bakinki."

Ta runtse ido, ta damƙe leɓe.

"Inna, Haladu ba ya nan. Ni kaɗai ce. Ki buɗe."

Ta juya kai. Na sa hannu na riƙe haɓarta na juyo da ita. Ni, na riƙe haɓar Inna. Na ce, "Wallahi in kika mutu da abin nan a bakinki ba zan yafe wa kaina ba, ke ma ba zan yafe miki ba. Ki buɗe!"

Hawaye ya gangaro mata ta gefe, ɗigo ɗaya, don babu ruwan da zai yi na biyu. Ta buɗe. Na ce ta ɗaga harshe. Tana nan, dunƙule, baƙa-baƙa. Na sa yatsa na kwaso, na goge da auduga, na ɗura mata ruwa ta kurkure, na share. Na saka linzami da hannuna, ina riƙe da shi ina kallonta.

Tamanin da uku.

Dakta ya nemi jijiya a hannun dama babu, a hagu babu. A ƙafa ya samu. Na riƙe ledar ina matsawa da hannu biyu don ruwan ya yi sauri. Haladu yana ta salati. Battar tana ƙulle a bakin zanenta, na kwance na jefa a aljihuna kafin ya juyo.

Alhamis, 19 ga Satumba, da Asuba

Saba'in da huɗu.

Alhamis, da hantsi

Sittin da takwas. Leda ta huɗu. Har yanzu ba ta yi fitsari ba. Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah fitsari ba.

Alhamis, bayan La'asar

Ta yi! Ta yi! Hamsin da tara! Na fita da kwanon a hannu ina nuna wa Dakta kamar an ba ni kyautar zinare. Mai gadi ya ɗauka na zare.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Hamsin da ɗaya. Ta sha kunu. Baba Usaini ma ya tashi zaune, yana tambaya wa ya zubar masa da ajiya. Mun sake auna tsofaffi duka, uku muka mayar kan gado.

Na wuce inda tabarmar Iya 'Yar'azumi take a da. Wasu ne a wurin yanzu. Na tsaya na yi mata addu'a, na daɗe.

Inna ko bango ba ta yi wa magana in ina kusa. In na zo aunawa sai ta buɗe baki ta rufe ido. Ban san ko fushi ba ne ko kunya, ko duka biyun. Ta yi ta yi, ni dai tana numfashi.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan Azahar

Haladu ya tare ni a bakin famfo. "Yaya, ni fa ban gane ba. An ce taba ce take rikita linzami. To ita Inna me ya rikita nata?"

Na ce, "Ni ce ban saka mata daidai ba."

Ya ce, "Ke da kike ta cika baki!" Ya yi ta faɗa, na bar shi ya gama. Ba ƙarya na yi masa ba ai. Da na waiga, ashe taga a buɗe take, Inna tana kwance a ƙarƙashinta.

Battar tana nan a aljihuna. Ta azurfa-azurfa ce, ta sha hannu. Ba wadda aka jefa a gulbi ba ce, wataƙila biyu take da su tun farko. Inna kenan.

Talata, 24 ga Satumba, da hantsi

Na fito da sabuwar dabara, Dakta ya ce zai sa ta a rahoto da sunana a sama. Ba na ƙara tambayar kowa ko ya ci ko ya sha. Ba na ambaton taba. Sai in miƙa kofin ruwa da bokiti in ce, "Linzami ba ya son baki sai da alwala." In juya baya in yi kamar ina gyara hula. Abin da ya faɗa bokiti, tsakaninsa da bokiti. Sannan in juyo in ce a ɗaga harshe, in duba, in duba da kyau.

Maza sun karɓa, har suna tsokanar juna. Matan ne. Tsofaffin mata sun ce kurkurewa dai sa kurkure, amma ba 'yar cikinsu da za ta leƙa musu baki.

Ruwa ya fara ja. An ce mota ta iso daga Malam Madori da ledoji. Sababbin kamu biyu ne kawai jiya.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan La'asar

An kawo wasu tsofaffin mata uku a kwalekwale ɗaya, daga can bayan Tudun Kaba. Babbarsu, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ciwon ya fara cin ta amma bakin yana nan. Na miƙa kofi, ta ture. Na yi zancen alwala, ta ce ta yi tata tun Azahar. Na ce to ta ɗaga harshe.

Ta ce, "Ke 'yar wace ce, mara kunya? Uwarki ba ta koya miki cewa ba a leƙa bakin manya ba?" Sauran biyun suka ja gyale suka rufe baki. Na tsaya da linzami a hannu, ina ganin idon matar yana faɗawa, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Sai na ji murya daga gadon ƙarshe, a dishe.

"Hajiya Umaima, tofar."

Matar ta waiga. "Asabe? Ke ce a nan?"

"Ni ce. Tofar da abin nan ki buɗe mata. Ni ma da tawa aka kama ni, saura kaɗan ta kai ni kabari." Haladu yana zaune a bakin gadon da kwanon kunu. Cokali ya tsaya masa a iska. Inna ko kallonsa ba ta yi ba.

Hajiya Umaima ta ce, "Yanzu yarinyar nan kika bari ta sa miki hannu a baki?"

Inna ta ce, "To wa zai sa? 'Yata ce."

Ba bango ta kalla ba, ba rufin kwano ba. Ni ta kalla, ɗan kaɗan, sannan ta ja zane ta rufe fuska.

Hajiya ta tofar. Na sa mata linzami a juye, sai da Dakta ya zo ya gyara mini hannu. Saba'in da ɗaya, mun sa mata ruwa, za ta tashi in Allah ya so.

Na fita bayan aji. Akuyar nan tana nan. Wannan karon ban yi rawa ba, zama na yi a ƙasa da farin kayana na yi kuka har ya ishe ni.

Alhamis ce, bayan La'asar, a gaban Haladu da Dakta da mata uku. Na rubuta da shaidu, don na san Inna, gobe tana iya cewa zafin ciwo ne.